Ƙwayar Azahar

Ni mutum ne mai saurin fushi, wannan kowa ya sani, har yaran da nake koyarwa a lakwal, makarantar boko. Amma a da ina taƙama da abu guda, wato cikina na riƙe magana. Shekara bakwai na yi ina ɗauke da asirin abokina, ko matata ba ta taɓa jin ƙyas ba.

Tare muka tashi a Birni, cikin Damagaram, lungunmu ɗaya. Tare aka kai mu makarantar allo, tare aka sa mu lakwal, bulala ɗaya muka sha. Da muka girma ni na zama mushe, malamin makaranta, shi kuma ya karanci aikin gona aka tura shi Takieta, yana zagaya ƙauyuka yana duba gero da gyaɗa. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa ya rasu yana limamin masallacin lungunmu, yayansa ya gaje shi. Mahaifiyarsu, wadda duk muke kira Inna, tana nan da ranta, kuma ni ɗa ta ɗauke ni. Ban taɓa shiga gidan na fito ba ta sa an ɗora mini kwano a gaba ba.

A irin wannan gida aka haifi mashayi. Ban san inda ya koyo ba, shi ma ya ce bai san ranar da abin ya fi ƙarfinsa ba. Da farko ba kullum yake sha ba. Sai ya yi wata biyu fes, yana sahun gaba a masallaci, sannan abin ya motsa masa, ya kama sha ba ƙaƙƙautawa kwana huɗu ko biyar har ya manta sunansa. Ina da wani ɗaki a Sabon Gari da na kama tun ina gwauro, ban sake shi ba saboda littattafaina. Nan nake kai shi ya kwanta, in ja ƙofa, in hau moto, wato babur, in je gidansu in gaida Inna.

"An tura shi misiyon Dakusa, Inna. Ya ce in faɗa miki, wurin ba a samun waya."

Misiyon shi ne rangadin da ake tura ma'aikata. Sai ta ce Allah ya taimaka, ta sa a kawo mini tuwo. In ci, in side hannu, in tafi ina ganin na yi aikin lada. Ai an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Akwai wata al'ada tsakanin masu shan garinmu, wadda ba a faɗa a fili amma duk wanda ke cikin harkar ya san ta. Ana cewa wanda ya sha giya sai ya yi kwana arba'in ba a karɓi sallarsa ba. Saboda haka idan azumi ya rage kwana arba'in, sai su ajiye kwalba, don watan ya same su da tsarki. Abokina yana kiyaye wannan lissafi fiye da yadda yake kiyaye ranar shuka. Kowace shekara yakan daina, ya ɗan yi kwana biyu yana rawar hannu da rashin barci, ya ce mura ce, abin ya wuce.

Shekarar da nake magana, bai iya ba. Kwana arba'in suka zo suka same shi da kwalba a hannu. Ya ce gobe. Gobe ta yi ya ce jibi. Ya ɗauki hutu daga wurin aiki, ya tare a ɗakina na Sabon Gari, ya sha safe ya sha yamma, abinci kuwa sai na yi da gaske yake kai loma biyu. Sati uku cur ana haka. Ƙaryar Dakusa ta tsufa har ni kaina na fara jin kunyar maimaita ta.

Ranar da ake duban wata na shiga ɗakin da la'asar na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da buhun littattafaina, ido jawur. Raina ya ɓaci. Na kwashe kwalaben da suka rage na tuttule su a makwarara yana kallo.

"Kai ko kunyar Allah ba ka ji? Gobe azumi! Ɗan liman, ƙanen liman, dubi yadda ka koma!"

Ya yi kuka, irin kukan da ban taɓa ganin namiji ya yi ba. Ya rantse daga ranar ya bar ta har abada. Na sa ya yi wanka, na ba shi rigata, na goya shi zuwa gida bayan magariba, ana ta murnar ganin wata. Na kwana da farin ciki, ina jin na ceci rai.

Ran ɗaya ga azumi da hantsi ya zo lakwal ya same ni. Azumin bazara ne, rana tana dukan duwatsun Birni har ba a iya dafa su. Hannunsa na karkarwa, ya kasa ɗaura igiyar takalminsa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ya ce zuciyarsa na bugawa kamar za ta fito, kuma bai runtsa ba. Na ce ba murar da ya saba ba ce wannan. Na ɗauke shi zuwa wurin wani majo, wato babban ma'aikacin jinya, tsoho ne da na taɓa koyar da 'ya'yansa, kuma na san bakinsa da nauyi.

Majo ya auna shi, ya tambaye shi nawa yake sha, tun yaushe, yaushe ya daina. Da ya ji ni na zubar da kwalaben jiya, sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Mushe, niyyarka mai kyau ce, amma ka kusa yin kisa. Jikin da ya yi sati uku yana jiƙe da giya, idan aka yanke masa ita rana ɗaya, tawaye yake yi. Rawar jiki ce farko. Bayanta farfaɗiya, da gane-gane, wani ma daga nan sai kabari. Wannan kwanciya ya kamata ya yi a asibiti."

Abokina ya ce sam. Idan ya kwanta za a tambayi ciwon, idan aka tambaya za a sani. Ya gwammace ya mutu. Majo ya yi lallashi ya gaji. Daga ƙarshe ya rubuta mana wata ƙwaya mai kwantar da jiki, da wata ta bitamin, ya ce mai kwantarwar sau uku za a sha, safe, azahar da dare, kada a tsallake ko ɗaya, kuma shi ne zai riƙa rage ta a hankali, ba mu ba. Ya ce ya sha ruwa da yawa, ya ci abinci, mu koma wurinsa kowace safiya. Sannan ya ɗaga yatsa.

"Ba azumi. Mara lafiya ne, Allah ya ɗauke masa. Ya rama daga baya."

Muka ce to. Muka sayi maganin a farmasi, muka tsaya a inuwar wani itacen bedi, nan abokina ya juyo ya dube ni.

"Mutumina, a gidanmu zan sha ruwa da rana tsaka? In ce wa Yaya me? In ce wa Inna me?"

Gaskiyarsa ce. A gidan nan yaro ɗan shekara goma ma ba ya yarda a gan shi da kofi. Kuma ni na san ba tsoron gida kaɗai ba ne. Ya riga ya rasa kwana arba'in ɗinsa, yana ganin idan ya rasa azumin ma, to ba abin da ya rage tsakaninsa da Ubangiji.

Nan na yi wayon da har gobe nake jin kunyarsa. Na ce abin ai mai sauƙi ne. Ƙwayar safe a mayar da ita sahur, ta dare a sha bayan buɗa-baki, ta azahar kuma a yafe ta. Biyu cikin uku, na ce masa, ko a lakwal an ci jarrabawa. Har dariya muka yi. Da safiya ta yi ban mayar da shi wurin majo ba, don na san tambayar farko da zai yi mini.

Ran biyu ga azumi na leƙa shi, yana kwance a ɗakinsa, ya ce da sauƙi. Na ga idonsa na yawo a bango, amma na ce yunwa ce.

Ran uku, ana fitowa daga sallar la'asar, salulata ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Mushe, ka zo. Ya faɗi."

Na tarar da zauren gidan cike da maƙwabta, an yi jugum. Na kutsa ciki. An shimfiɗe shi a tabarma a tsakar gida, maza biyu sun danne shi, bakinsa da jini inda ya ciji harshe. An turara hayaƙi a kasko. Yayansa liman na durƙushe a kansa yana tofa masa addu'a. Inna na zaune bakin ƙofar ɗakinta da carbi. Shi kuwa abokina sai kakkaɓe rigarsa yake yana ihu.

"Fara! Fara ta sauka! Ku rufe geron, ga ta nan tana hawa kaina!"

Ba fara ko ɗaya a gidan. Na kira shi, ya dube ni bai san ni ba.

Liman ya ɗago ya ce iska ce, a hanyar Dakusa ya gamu da ita, ai masu yawon daji da rana tsaka ba sa rasa irin wannan. Jin ya ambaci Dakusa sai kunya ta rufe ni, don ni na ƙirƙiro tafiyar, ga shi har ta samu aljani.

Na fita waje na kira majo. Bai bari na gama ba.

"Yana shan ta azahar?"

Na ce a'a.

"Azumi yake?"

Na ce e.

"Innalillahi. Mushe, ka kawo shi asibiti yanzu, ba bayan an sha ruwa ba, yanzu. Idan ya sake faɗuwa sau ɗaya ko biyu cikin zafin nan, ba ruwa a jikinsa, ban ce zai ga gobe ba."

Na koma ciki. Gaba kura, baya siyaki. Idan na yi shiru zai mutu ina kallo. Idan na yi magana na kashe abin da ya fi so fiye da ransa, don da bakinsa ya faɗa a gabana. Na fara da dabara. Na durƙusa kusa da liman na ce, "Yaya, ina ganin zazzaɓi ne ya hau masa kai. Mu kai shi asibiti, addu'ar sai a ci gaba a can."

Ya ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Allura ma tana iya harzuƙa su."

"To a ɗiga masa ruwa a baki, Yaya, jikinsa ya bushe."

"Saura kaɗan a sha ruwa. Kada mu karya masa azumi a banza."

Ba mugunta yake yi ba, ƙanensa ne, hawaye na zuba a gemunsa. Abin da ya sani yake yi, ni ne na hana shi sanin sauran. Ina cikin roƙonsa sai jikin abokina ya sake sanƙarewa, idonsa ya kakkafe, ƙafafunsa suka shiga dukan ƙasa. Na yunƙura zan tallafe shi, liman ya sa hannu ya ture ni.

"Mushe, matsa. Nan ba aji ba ne. Ku 'yan lakwal komai asibiti."

Da ina da hankali, da na ja shi gefe na raɗa masa a kunne. Kalma uku sun isa. Shekara da shekaru ina juya wannan a raina. Amma turewar nan ta taɓa ni inda ba a taɓawa, fushina ya taso, na miƙe tsaye na buɗe murya irin wadda nake yi wa aji mai yara tamanin.

"Wallahi ba aljani ko ɗaya a jikinsa! Giya ce! Sati uku ya yi yana shan giya a ɗakina, ba Dakusar da ya je! Barin ta ne ke neman kashe shi, ku kuna nan kuna masa hayaƙi!"

Na zaure sun ji. Matan da ke leƙe ta kan katanga sun ji. Liman ya buɗe baki ya kasa rufewa. Matar abokina ce kaɗai ba ta ɗago ba, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta, daga baya na tuna ita ce mai wanke masa riguna. Inna ta ajiye carbinta a kan tabarma.

"Ku ɗauke shi," in ji ta. "Me kuke jira?"

Wani maƙwabci ya kawo mota. A asibiti aka yi masa allura aka ɗaura masa ƙarin ruwa, majo ya zo ya tsaya a kansa tare da likita, ko kallona bai yi ba. Kwana biyu ba a san inda za a dosa ba. A rana ta uku da hantsi ya buɗe ido ya gane mutane. Ina zaune gefen gadon. Ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya tambaye ni da wata siririyar murya.

"Inna ta ji?"

"Ta ji."

"Yaya?"

"Ya ji."

"Su kaɗai?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya saba. Na ce, "Duk lungu."

Ya juya fuskarsa bango. Na zauna har azahar. Da ma'aikaciya ta kawo ƙwaya da kofin ruwa, ya karɓa ya sha a gaban kowa.

Bayan an sallame shi Inna ta aika in zo. Na tafi ina shirin a zage ni kan tonon asiri. Ta bar ni a durƙushe, ba ta ce a kawo tabarma ba.

"Abin da ka faɗa ran nan, Allah ya yi maka albarka, ka cece shi. Ba shi ya sa na kira ka ba. Shekara nawa kana sani?"

"Bakwai, Inna."

"Shekara bakwai kana shigowa gidan nan, kana duban idona. Ni na haife shi. Da ka faɗa mini tun yana shan kaɗan, kana ganin talla zan kai shi kasuwar Dole? Abokin kuka ake ɓoye wa mutuwa?"

Na fita daga gidan ina jin kaina ƙaramin mutum. Wallahi maganar nan ta fi mini zafi fiye da duk abin da ya biyo baya, don a shekarun nan bakwai ban taɓa zaton laifi nake yi ba.

Abin da ya biyo baya kuwa shi ne abokina ya daina zuwa inda nake. Ya bi majo sau da ƙafa har aka janye masa ƙwayar, ya ci gaba da zuwa wurinsa hira duk sati. Na ji an ce ya zame sau ɗaya, matarsa da yayansa suka kai shi asibiti da kansu tun abin bai yi nisa ba. Amma lungu ba ya mantuwa. Mutanen da ke ba shi hanya zuwa sahun gaba suka daina matsawa. Wani mai shago ya riƙa tambayarsa ko fara ta tashi. Idan muka haɗu sai ya ba ni hannu ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ina gajiya, ina iyali, ina aiki, irin wadda ake yi wa baƙo. Mutumin da tun muna yara bai taɓa kirana da wani suna ba sai "ɗan banza". Na yi fushi, na ce ni da na ceci ransa. Na huce, na ce ni da na kusa kashe shi. Haka na yi ta kai da kawo har shekara biyu.

Wata ranar Asabar da safe, saura kwana kaɗan a shiga wani azumin, ina wanke moto a ƙofar gida sai ga shi ya tsaya da tasa. Bai sauka ba, bai yi doguwar gaisuwar ba.

Ya ce akwai wani abokin aikinsa a Takieta, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya fi wata yana sha ba dare ba rana. Ya rantse ranar da aka ga wata zai yanke, kuma zai yi azumi. Abokina ya yi masa bayani, ya ba shi labarin kansa, mutumin ya ce shi dai a rufa masa asiri. Iyalinsa ba su san komai ba, ko kuma suna yi kamar ba su sani ba.

"Sau biyu ina zuwa ƙofar gidan babansa," in ji shi. "In yi sallama, a fito, in gaishe shi in dawo. Bakina ba ya buɗuwa."

Na ce, "To ni me zan yi?"

"Kai ne mai bakin."

Na tsaya da soso a hannu, ban san ko yabo ne ko zagi ba. Na shiga gida na sako riga da hula, na hau bayansa. Muka fita gari muka kama hanyar yamma, gonaki a bushe hagu da dama. Sai da muka yi nisa ya ɗan juyo da kai, yana ɗaga murya saboda iska.

"Kada ka ɗauka na yafe maka maƙwabtan nan."

"Na sani."

"Idan mun je, ka ja tsohon gefe. A hankali za ka faɗa masa, ɗan banza. Ba a aji kake ba."

Na ce to. Na riƙe rigarsa da kyau, hawaye na zubo mini, na bar su don ba mai gani.